Yaushe Ciyar da 'Ya'ya Yake Sauka Daga Wuyan Uba Bayan Saki?

  

Ya kai ɗan'uwa matashi, wata rana an tashi daga karatu, wani saurayi ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, na rabu da matata, muna da yara biyu, mace da namiji, suna wurinta. Ta gama idda tun da azumi. To har yaushe zan ci gaba da aika musu abinci?" Na ce masa: "Wa ka saka, uwar ko yaran?" Ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai.

Wannan tambaya tasa tana bakin samari da yawa, kuma kuskuren yana cikin yadda ake haɗa abu biyu da shari'a ta raba. Ciyar da mace daban, ciyar da ɗa daban. Mace kana ciyar da ita ne saboda igiyar aure. In ka sake ta sakin kome, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kanka har ta gama idda: tsarki uku ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. In sakin ba na kome ba ne, to wurin zama kawai take da shi, sai dai in tana da ciki. Daga nan nata ya ƙare. Amma ɗa kana ciyar da shi ne saboda jininka ne, kuma ba a taɓa rubuta takardar da ta saki jini ba. Ka duba Suratul Baƙara aya ta 233, da Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 6 da ta 7. Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifa masa ɗan, har ya hukunta a biya wadda aka saka ladan shayar da ɗan cikinta, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

To ina iyakar? Malamanmu na mazhabar Maliku ba su bar mu cikin duhu ba. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ba zauren karatun da ba a biya shi a ƙasar nan. Yana cikin Muhtasar na Shaihu Halilu. Ɗa namiji, ciyar da shi yana kan uba har ya balaga yana da hankali, yana da ikon nema wa kansa. In ya balaga da makanta, ko taɓin hankali, ko wata naƙasa da ta hana shi nema, to nauyin bai sauka ba, ko da ya yi furfura. Alamomin balaga sanannu ne. In ba ko ɗaya da ta bayyana, sai ya cika shekara 18 a zance mafi shahara. Ita kuwa 'ya mace, balaga ba ta sauke komai. Tana wuyanka har ta yi aure, mijin ya tare da ita. Ɗaurin aure kaɗai bai isa ba. Ko shekararta 30 tana gida, kai ne.

Ka lura da kyau, ɗan'uwa. A duk wannan bayani, ina aka ambaci uwar? Ba a ce sai ta gama idda ba. Ba a ce sai ta yaye shi ba. Ba a ce in ta yi maka rashin kunya ka daina ba. Ma'aunin yana jikin yaron ne: ya iya tsayuwa da ƙafarsa, ko bai iya ba? Wanda ya hana ɗansa hatsi don yana jin haushin uwarsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wani zai ce: "Ai ta yi aure, mijinta ya ciyar da su." Subhanallahi! Mijinta ita ya aura, bai auri nauyinka ba. In ya ciyar da agola ya yi sadaka, Allah ya ba shi lada, kai kuwa zunubinka yana nan. Ita ma uwar, a mazhabar Maliku ba a wajabta mata ciyar da ɗanka ba, ko da tana da dukiya.

Wani kuma, wannan shi ya fi yawa, zai ce: "In tana so in ciyar, ta kawo mini 'ya'yana." A nan ne al'ada ta murƙushe shari'a a wurinmu. Da an yaye yaro sai a aika a ɗauko shi, a miƙa wa kishiyar uwa, ko a damƙa masa ƙoƙo a tura shi wani gari da sunan karatu, alhali gudun tuwonsa ake yi. A shari'a kuwa riƙon yaro haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare. In ta auri wani bare, riƙon ya koma wurin kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kanka. Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya ga yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya aza kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya hukunta a bar mata yaron. Umar bai sake cewa uffan ba. Umar fa! Kai wane ne? Naka shi ne ka je ka duba shi, ka lura da tarbiyyarsa, ka sa shi makaranta, ka biya. Yana kwana can, kana ciyarwa daga nan.

Yanzu ga inda maganar take da wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Yaro ya balaga yana shekara 15, lafiyarsa ƙalau, yana sakandare. A zahirin abin da ke cikin littafi uba yana iya cewa ya fita. Shin ya fita? A zamanin da aka rubuta littattafan nan, yaro mai wannan shekaru ya daɗe yana bin ubansa gona ko maƙera ko fatauci. Ikon nema yana hannunsa tun kafin muryarsa ta buɗe. Na yau fa? Ba gona, ba sana'a, takardar da za a ɗauke shi aiki da ita saura shekaru. Sharaɗin da malamai suka sa shi ne iko, ba gemu ba. Shi ya sa malaman Hanafiyya suka sanya ɗalibi mai himma cikin waɗanda ake ci gaba da ciyarwa, Hambaliyya kuma suka rataya abin ga talaucin ɗan da rashin abin yi, ba ga shekarunsa ba. Ƙasar Maroko, wadda 'yan Malikiyya ne kamarmu, a dokar iyali ta 2004 ta ce uba ya ciyar har ɗa ya kai shekarun girma, in yana karatu har shekara 25. Ni abin da na gamsu da shi ke nan: uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba, bai tsaya masa ya yi karatu ba, ba shi da bakin cewa yaron ya isa nema. Da me zai nema? Irin waɗannan yaran ne muke gani a tasha da bakin kasuwa, mu riƙa cewa yaran zamani sun lalace.

Wanda ba shi da shi da gaske, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Amma a ji tsoron Allah wajen kiran babu. Mutum ya haɗa lefen amarya akwati shida, an ce kuɗin maganin ɗansa, ya ce gari ya yi zafi. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa tozarta wanda kake ciyarwa ya ishe ka zunubi. Hindu matar Abu Sufyanu kuwa, da ta kai ƙarar maƙonsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata izini ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta daga dukiyarsa gwargwadon al'ada. Wannan yana cikin Buhari da Muslim.

Saura abu ɗaya da samari ba su sani ba. Kana tsammanin watannin da ka yi shiru sun wuce ke nan? Malamanmu suka ce, in alƙali ya riga ya yanka maka abin da za ka riƙa bayarwa, ko kuwa uwar ko wani ya ciyar da yaron ba da niyyar kyauta ba alhali kana da hali, to bashi ne a kanka, ana iya bin ka shi a gaban kotu. Saurayin nan da na ba ka labari, da na kai nan sai ya fara ƙirga da yatsu. Wata bakwai ya samu. Na ce ya je ya tambayi uwar yaran nawa ta kashe, kada ya jira sammaci.