Hatsin taimako: sadaka ce ko haƙƙi?

A watan Maris na 2005 ƙasashe masu ba da agaji suka taru a Paris, suka sa hannu kan cewa daga yanzu bakinsu ɗaya, kuma tsarin ƙasar da ake taimaka wa za su bi. A shekarar ce kuma, bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, yara suka riƙa mutuwa a jihar Maradi. Hatsi na nan a kasuwa, tiya ce ta fi ƙarfin talaka. Shugaban Nijar Tandja ya ce babu yunwa, aka tsaya kan sayarwa da rahusa, ba a buɗe rabon kyauta sosai ba sai da damina ta yi nisa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara masu tamowa sama da 60,000 a Nijar a wannan shekara.

Mu a Tchaké ba a takarda muka san rashin haɗin bakin masu agaji ba. Mota ta zo, a tara mata a gindin gawo, a rubuta sunaye. Bayan kwana kaɗan wata ta zo da nata littafin, ta sake rubuta matan nan dai. Na san ƙauye mai bankin cimaka biyu, kowanne da allonsa da tutar ƙasar da ta gina shi, ɗaya ma kwaɗonsa ya yi tsatsa. Maƙwabcinsa bai samu ko ɗaya ba, laifinsa kawai yashin hanyarsa yana kafe mota. Matansa ne ke jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita.

In ka yi ƙorafi sai a ce maka kyauta ce, a gode wa Allah, ai niyyarsu mai kyau ce. Ban musa ba, malamanmu sun karantar da mu cewa lada tana bin niyya. Sai dai wannan hisabin mai bayarwa ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Ina hisabin wadda aka tsallake?

A nan nake ganin hikimar zakka. Manomin da damina ta shayar masa da gona, in ya kai nisabi, dami ɗaya cikin goma ba nasa ba ne, haƙƙin wani ne da ya faɗo a gonarsa. Kuma cikin rukunin mutane takwas da aka ware wa zakka har da masu aikin tara ta. Ke nan ƙidaya da rubutu da sanin wa ya samu, wa bai samu ba, su ma ibada ne. A Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyadina Umar ya aika wa gwamnoninsa, abinci ya taho daga Sham da Masar. Bai bar kowane ayari ya zaɓi unguwar da ta yi masa ba. Shi ya naɗa masu rabo, ana kawo masa adadin waɗanda suka ci, ya kuma haramta wa kansa man shanu har mutane su warware.

Ba hukumomi muka rasa ba. Akwai CILSS mai yaƙi da fari tun 1973, cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai tana hango fari tun kafin ya iso, ga rumbunan gwamnati na OPVN, ga shirin cimaka na 3N na zamanin Shugaba Issoufou. Amma da sojoji suka karɓi mulki a Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafin da suke ba gwamnati, CEDEAO ta rufe iyaka, tsofaffi suka tuno da yunwar El Buhari ta 1984, wadda ita ma ta zo da rufe iyaka. Abin da ake ba ka don ganin dama, ranar da aka yi fushi da shugabanka za a janye shi.

Mu ma da namu. Ɗan kasuwarmu yana saye da arha a kaka, ya kulle har sai rumbuna sun bushe, alhali ya san hukuncin ɓoye abinci. Zakkarmu kuwa kowa yana miƙa wa wanda yake jin kunyarsa, malamin unguwa ko dangin matarsa, gwauruwa mai marayu a ƙarshen gari ba ta a lissafin kowa. Abin da muke zargin baƙi da shi, shi muke yi da dammanmu.

Don haka kirana ga limamanmu da masu gari na ƙasar Mayahi da Tasawa: kakar bana a tara zakkar hatsi wuri ɗaya, a buɗe littafi ɗaya na mabuƙata, a karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Duk ƙungiyar da ta zo da buhu, a marabce ta, a miƙa mata wannan littafin.