Tawakkali da Maganin Fargaba: Nasiha ga Mai Sha da Iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, a cikin sahun da muke salla akwai waɗanda Allah ya jarrabe su da ciwon da ido ba ya gani, wato ciwon fargaba. Gaban mutum ya riƙa faɗuwa ba dalili, barci ya ƙaurace masa, zuciya ta yi ta bugawa, tsoro ya hana shi shiga kasuwa ko jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi. Daga cikinsu akwai waɗanda likita ya ɗora a kan ƙwaya, suka samu sauƙi, sai wani ɗan uwa ya ce musu: ina tawakkalinku? Sai su watsar da magani dare ɗaya, ciwo ya dawo ya fi na da.

Ku sani, baƙin ciki da tsoro ba su nuna raunin imani. Annabi Yakubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da neman magani, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ya koya wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Malam Abu Zaidi Albalki, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya lissafa tsoro da baƙin ciki cikin cututtukan da ake yi wa magani. Saboda haka mai shan ƙwaya yana addu'a da zikiri ya riƙi sababi, bai fita daga tawakkali ba.

To, mene ne wannan magani? Sunayen da za ku gani a kan kwali su ne irin su sertraline, fluoxetine, paroxetine da amitriptyline. Suna aiki a kan wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Ba su aiki nan take. Sai an yi mako 2 zuwa 6 kafin sauƙi ya bayyana, wani ma fargabarsa kan ƙaru a makon farko. Bayan an samu sauƙi, likitoci kan umarci a ci gaba da sha wata 6 zuwa shekara guda ko fiye, don kada ciwon ya dawo.

Ba za mu ɓoye muku ba, yana da illa. Akwai tashin zuciya, ciwon kai, yawan zufa, ƙiba, da canjin barci. Wani kan ji zuciyarsa ta dakushe, ba murna ba kuka. Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa, wato raguwar sha'awar iyali. Mata nawa suka zargi mazansu da juya musu baya, alhali magani ne? Ku faɗa wa likita, domin yana iya rage adadi ko canza wani. Matashi ɗan ƙasa da shekara 25 da ya fara sha, iyaye su sa masa ido. Idan ya fara zancen halaka kansa, a kai shi asibiti ran nan. Kuma haɗa wannan magani da taramol haɗari ne babba, yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani, karkarwa, ruɗewa da farfaɗiya.

Babban abin da muke jan hankali a kai shi ne yadda ake barinsa. Jikin da ya saba da ƙwaya wata da watanni, idan aka yanke masa ita gaba ɗaya, cikin ƴan kwanaki sai jiri ya taso, da munanan mafarkai, da saurin fushi, da wani abu mai kama da jan lantarki a cikin kai. Jama'a su ce aljanu ne ko sammu, alhali yanke magani ne. Paroxetine ya fi saurin haifar da wannan, domin ba ya daɗewa a cikin jini. A shekarar 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta bayyana cewa ga wasu mutane wannan wahala kan yi tsanani, ta kuma daɗe. Wanda ya hau kan rumbu da tsani, da tsani zai sauko. Likita ne zai riƙa rage adadin kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, kuma matakan ƙarshe su ake yi a hankali ƙwarai. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka muna yi muku wasiyya da abubuwa huɗu. Na farko, kada wanda ya bar magani ko ya rage shi ba da shawarar likita ba, ko da mace mai juna biyu ce. Ta je ta yi shawara tukuna. Na biyu, kada a jira kwali ya ƙare kafin a nemi wani, kuma dangi masu hali su taimaka da kuɗinsa, sadaka ce. Na uku, azumi ba dalilin yankewa ba ne. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi sau ɗaya ake sha a yini, likita na iya mai da shi lokacin sahur ko buɗa-baki. Na huɗu, a guji masu shimfiɗa magani a bakin kasuwa cikin rana da ƙura, kuma kada a ba wani ragowar ƙwayar da aka rubuta wa wani.

Ku kuma malamai da masu ruƙiyya, ku ji tsoron Allah. Ku yi wa majinyaci addu'a, ku kwantar masa da hankali, amma kada ku gindaya masa sharaɗin zubar da ƙwaya. Jikinsa amana ne da za a tambaye shi a kai, ku ma za a tambaye ku fatawar da kuka ba shi ba da sani ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya natsuwa a zukatanmu, ya sa jarrabawarsu ta zama kaffara. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.