Shin Ɗaura Bel Ganin Damar Mutum Ne?

Sau da yawa mukan ji fasinja ya ce, "Ai in kwana ya ƙare bel ba ya hana mutuwa, kuma raina ne, ina ruwan wani?" Magana ta farko ba mu ja da ita ba. Ta biyun ce muke son mu yi wa duban tsanaki.

Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Wato idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, mu ma da ke cikinta gudun da muke yi ke nan, ko da gyangyaɗi muke yi. In ta daki bishiya ta tsaya, mu fa ba mu tsaya ba, sai mun tarar da abin da zai tare mu, ko gilashi, ko sitiyari, ko kwalta. Wannan karo daidai yake da faɗowa daga bisan kusan mita 10. Gudun kuwa in ya kai 100, bisan ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi. Aikin bel shi ne ya sa jiki ya rage gudu tare da motar yayin da gabanta ke lotsewa, ya kuma ɗora nauyin a kan ƙashin ƙugu da ƙirji.

To, a nan gizo ke saƙar. Mu ɗauki mutum mai nauyin kilo 70 a kujerar baya, bai ɗaura bel ba. Idan abin da ya tare shi ya tsayar da shi cikin kashi 1 bisa 10 na daƙiƙa, ya danne wannan abu da ƙarfin kusan tan guda. Mene ne a gabansa? Bayan direba, ko wuyan matarsa, wadda wataƙila ita ta ɗaura nata. Ashe ran da ya ce nasa ne ya koma dutsen da aka jefi wani da shi. Haka uwar da ta rungume jaririnta a kujerar gaba: ƙauna ba ta gaza ba, hannu ne ba zai iya riƙewa ba.

Injiniya Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro irin bel ɗin da muke gani yau a 1959, kamfanin Volvo kuma ya bar wa sauran kamfanoni su yi amfani da fasahar kyauta. A nan gida Nijeriya, marubuci ɗan'uwanmu, Wole Soyinka, shi ne shugaban farko na Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, wadda ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. Amma kowannenmu ya san direban da kan yafa bel a kafaɗa in ya hango jami'ai, ya saki da zarar ya wuce. Mu da ke bayansa kuwa, namu na can cushe ƙarƙashin kujera, ba mu ko tambaya ba.