Hayaƙin Maigida da Shirun Yaron Shago

A cikin lungunan Nima da Maamobi, a birnin Accra, akwai shagunan ɗinki da yawa, waɗansu faɗinsu bai wuce taku huɗu ba. Bari a ɗauki ɗaya a yi misali da shi. Keken ɗinki uku ne a ciki, da dutsen guga, da yaduka jibge har kusa da rufi. Taga ɗaya ce tak, ita ma an rufe ta da rigunan da ke jiran masu su. Maigida yana kan nasa keken, yara biyu masu koyon aiki suna kan nasu. Sa'ad da Salla ko Kirsimati ta gabato, aiki ya yi yawa, maigida yakan zaro karan sigari ya kunna, ba ya ko tashi daga kujera. Kafin ya sha rabi ɗakin ya turnuƙe. Ƙaramin yaron yana da ciwon ƙirji tun yana goye, amma yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki. In maigida ya waiwaya ya ce, "Kai, hayaƙin ya dame ka ne?" sai yaron ya amsa, "A'a, Maigida, ba kome."

Wannan "ba kome" ita ce abin dubawa. Shin yarda ce? In yarda ce, to, babu ruwan kowa da abin da ke gudana a shagon. In kuwa ba yarda ba ce, akwai wanda ake cuta, kuma ya kamata a sami mai yin magana a madadinsa.

Gwamnatin Ghana ta riga ta ba da nata amsar. Ƙasar tana cikin na farko da suka amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan taba, a shekarar 2004. A 2012 majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Jama'a, mai lamba 851, wadda ta hana shan taba a rufaffen wurin aiki, da motocin haya, da sauran wuraren da jama'a ke taruwa, sai dai a wurin da aka keɓe domin haka. A 2016 aka ƙara ƙa'idodi na yadda za a bi da dokar, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ce ke da alhakin lura da ita. Tun kafin wannan, a 1982, gwamnati ta hana tallan sigari. Kamfanin British American Tobacco kuma ya rufe masana'antarsa ta Takoradi a 2006. Ba Ghana ce ta fara ba: ƙasar Ailan ce ta soma hana taba a dukan rufaffun wuraren aiki, har da mashaya, a watan Maris na 2004. Bisa ga wannan doka, shagon ɗinkin nan wurin aiki ne, maigida kuwa ya kamata ya fita waje.

Maigida yana da abin faɗi, kuma bai dace a yi watsi da maganarsa ba. Zai ce shi ke biyan hayar shagon, da kuɗinsa ya sayi tabar, huhun da ke ƙonewa kuma nasa ne. Zai ce talaka ba shi da abin more rai da yawa, ga shi an zo a ƙwace masa ɗan wannan ma. Zai nuna hayaƙin gawayin mai waina da mai ƙosai, da sharar da ake ƙonawa a bakin babbar kwatar Nima, da baƙin hayaƙin tsofaffin motocin trotro a kan babban titi, ya ce, duk waɗannan ba a gan su ba sai karansa guda? Mai gaskiya ba zai ce babu kome cikin wannan ƙorafi ba. Iskar Zongo ba ta da tsabta, kuma ba mashaya taba kaɗai suka ɓata ta ba.

Amma akwai wuri ɗaya da hujjarsa ta karye, watau inda ya ce huhunsa ne kaɗai. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna dangantaka tsakanin shan sigari da ciwon dajin huhu. A lokacin ana ganin cutar ta mai sha ce shi kaɗai. Sai a 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya buga sakamakon binciken da ya yi shekara 14 yana bin matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba su shan taba. Ya tarar matan da mazajensu ke sha sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu, kuma gwargwadon yawan shan miji, gwargwadon haɗarin matar. Waɗannan mata ba su taɓa sa kara a baki ba. Laifinsu kawai shi ne zama ɗaki ɗaya da mazajensu. Yau an san hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 1 ne ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wani ya busa. Ga yara kuwa, yana tayar da asma, yana kawo ciwon kunne da ciwon huhu. Hayaƙin mai ƙosai aƙalla yana ciyar da gida, kuma a fili yake tashi. Na maigida mutum ɗaya ne ke jin daɗinsa, uku ke shaƙa, a ɗakin da ba iska.

To, amma ai an tambayi yaron, ya ce ba kome. A nan ne ya kamata a tsaya a dubi al'adar Zongo da kyau, gama ita kanta tana da shaida a wannan shari'a.

Duk wanda ya girma a Nima ya san saurayi ba ya shan taba a gaban ubansa. Magidanci mai 'ya'ya biyar, in ya hango surukinsa ya shigo lungu, yakan jefar da karan ya take da ƙafa, ya ɓoye hannu a baya. Ba a taɓa jin wanda ya kunna sigari cikin masallaci ko cikin majami'a ba, kuma ba a bukaci ɗan sanda a bakin ƙofa domin haka ba. Maƙwabta Musulmi, har waɗanda taba ta kama sosai, sukan haƙura tun daga asuba har faɗuwar rana, wata guda cur, a lokacin azumi. Ashe mashayi ya san hayaƙinsa abu ne da ba a busa wa mutumin da ake ganin girmansa. Ashe kuma yana iya daurewa in ya ga dalili.

A gaban wa ke nan yake sha? A gaban matarsa, da 'ya'yansa, da yaron shagonsa, da yaron motarsa, da yarinyar da ke kawo abinci a gidan kallon ƙwallo. Kunya tana hawa sama, hayaƙi yana sauka ƙasa. Kuma kunyar nan da ta hana maigida sha a gaban surukinsa, ita ce ta rufe bakin yaron a gaban maigida. An koya masa tun yana ƙarami cewa ba a gyara wa babba zama. Iyayensa sun biya kuɗin koyon sana'a, watakila sai da suka ci bashi, kuma sauran shekara biyu kafin a yaye shi. In ya ce, "Maigida, hayaƙin yana damuna," ya yi rashin kunya, yana iya rasa wurinsa. In ya yi shiru, ƙirjinsa ya biya. Amsar da mutum ya bayar alhali ba shi da ikon ba da wata, ba za a kira ta yarda ba.

Amfanin dokar ke nan a wuri irin Zongo, ko da ma'aikatan gwamnati ba su taɓa leƙa lungun ba. Tana faɗin abin da yaron ba ya iya faɗi. Takardar da aka manna a bango mai cewa an hana shan taba ba ta da uba a unguwa, ba ta jin nauyin kowa, ba a kuma iya korarta daga aiki. Fasinja a cikin trotro ba ya bukatar ya yi faɗa da direba, ya isa ya nuna takardar. Girman da al'ada ta tanada wa suruki da liman da fasto, doka ta ce a ba yaron shago shi ma. Waɗansu sukan ce irin wannan doka baƙuwa ce, ta Turawa. Amma abin da ta nema Zongo ya daɗe da saninsa, sai dai bai raba shi ga kowa ba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamakin doka ta shiga harkar abin da mutum ya mallaka ba. A cikin Maimaitawar Shari'a, sura 22, an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa katanga kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Gidan nasa ne, da dukiyarsa ya gina, watakila shi kansa ya san kowane gefe na rufin har ba zai taɓa faɗowa ba. An sa shi yin katangar ne saboda baƙo, da yaro, da bawa. Ba a ce ya jira sai wani ya roƙe shi ba, ba a kuma ce ya tambayi bawansa ko yana tsoron faɗuwa ba. Haka kuma manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 8, ya yarda cewa mai bi yana da 'yancin cin wani irin nama, duk da haka ya nuna shi kansa a shirye yake ya bar naman ɗungum in cinsa zai kā da ɗan'uwa rarrauna. A can lamiri ne ke cikin haɗari, a nan huhu ne, amma ma'aunin ɗaya ne: ana auna 'yancin mai ƙarfi da abin da zai jawo wa marar ƙarfi.

Dokar Ghana tana da nata rauni. Ta yarda a keɓe wurin sha, hayaƙi kuwa bai san iyaka ba. Hausawa sun yi masa kirari da fid da na kogo domin babu inda ba ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa babu wani ɗan kaɗan na wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa. Ga kuma shisha, wadda samari da 'yan mata suka ɗauka ba taba ba ce domin tana ƙamshin tuffa ko na'ana'a. Taba ce, har da ƙarin hayaƙin gawayi a kai.

Babban giɓin kuwa ba laifin majalisa ba ne. Ɗakin da ya fi kowane cunkoso a Nima ba ofis ba ne, ba gidan abinci ba ne. Ɗakin haya ne a cikin gidan da iyali goma ko fiye suke zaune, inda miji da mata da 'ya'ya ke kwana a wuri ɗaya, a rufe ƙofa da taga saboda sauro da ɓarayi. Doka ba ta shiga nan, kuma daidai ne kada ta shiga, gama ƙasar da 'yan sanda ke leƙa ɗakin kwanan mutane ta sayi lafiya da tsada mai yawa. Har ma akwai abin tsoro: mutumin da aka hana sha a wurin aiki yini guda, yana iya dawowa gida ya rama a kan jariri. Matan da Hirayama ya ƙirga a gidajensu suka shaƙi abin da ya kashe su, ba a kasuwa ba. A wannan ɗaki babu takarda a bango, sai abin da maigidan ya yanke wa kansa.

Saboda haka bai kamata a mai da mashayi abin ƙyama ba, gama a ƙarshe shi ne zai yi aikin. Akwai ikilisiyoyin da suka sa taba cikin jerin manyan zunubai, har mutum ya gwammace ya daina zuwa sujada da a ji warinta a rigarsa. Littafi Mai Tsarki bai ambaci taba ba, domin ganyen daga nahiyar Amurka ya fito, sauran duniya ba ta san shi ba sai bayan 1492. Yawancin masu sha tun suna samari suka fara, a majalisar shayi ko a tashar mota, kafin su san abin da suka shiga, sinadarin nikotin kuwa in ya kama mutum ba ya saki da sauƙi. Wanda ya yi ƙoƙarin bari sau biyar ya kāsa ba ya bukatar a ƙara masa kunya. Abin da ake nema gare shi tukuna ƙarami ne ƙwarai in an gwada da bari gaba ɗaya: taku goma zuwa bakin ƙofa.

Waɗannan taku goma ba yaron shago zai nema ba, ba kuma matar gida ba, domin an riga an ga dalilin shirunsu. Zongo yana da hanyar da yake bi in babba ya yi abin da na ƙasa ba ya iya faɗa masa. Akan sami tsaransa, abokin da suka yi ƙuruciya tare, ko dattijon ikilisiya, ko mai unguwa, ya zo shagon kamar ya kawo ɗinki. Ya zauna, a gaisa, a tambayi iyali, a yi zancen tsadar yadi. Sa'ad da maigida ya kai hannu aljihu, sai baƙon ya miƙe ya ce, "Malam, zo mu fita waje mu sha iska, yaron nan naka ina jin ƙirjinsa tun daga bakin lungu."