Namijin Gwanda: Wane Ne Mara Amfani?

A gidaje da yawa akwai itacen da ba ya daɗewa a tsaye, wato namijin gwanda. Yakan yi tsawo kamar sauran, ya fid da furanni ƙanana masu ƙanshi a kan dogayen silla, amma shekara ta zagayo ba a tsinki ko ɗa ɗaya a kansa ba. Sai maigida ya ɗauko adda ya sare shi, yana cewa cin wuri kawai yake yi. Bayan 'yan watanni kuma a ga macen gwandar da ke kusa tana zubar da furenta, ba a san dalili ba. Manoman da suka san aikin sukan bar namiji ɗaya ga mata kamar goma, domin garin furensa, irin wanda ake kira bununi a jikin gero, shi ne ƙwari ke kai wa macen kafin ta ɗauki 'ya'ya.

Wannan ƙaramin kuskure na bayan gida ya ta da wata babbar tambaya: da wane mudu ake auna darajar abu, da wane kuma ake auna ta mutum?

Fure shi ne abin da aka fi yi wa kallon ado kawai, alhali kuwa tukunyar gida ta dogara gare shi fiye da yadda ake zato. Zoɓon da ake jiƙawa a sha, jan kwanson da ke riƙe da furen yakuwa ne. Kanumfarin da ake sa wa kunu da yaji, tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe, aka shanya. Asalinsa daga tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya ne. Tibi na jihar Binuwai suna miyar genger da kwanson furen gurjiya. Za'afaran, wanda ya fi kowane kayan yaji tsada a duniya, zare uku ne kacal a cikin kowane fure, sai an tsinki furanni wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya.

Aikin fure a daji ya ma fi wannan ɓoyuwa. Furen kuka fari ne, da dare yake buɗewa, kafin wata maraice ya yi yaushi. Jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa, suna ɗaukar garinsa daga wannan itace zuwa wancan. Haka jemagu da ƙudan zuma ke yi wa jan furen ɗorawa, wanda daga gare shi kalwa take fitowa, daga kalwa kuma daddawa. Rahoton da masana na ƙasashen duniya suka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona da ake ci suna bukatar taimakon ƙwari, tsuntsaye ko jemagu, ko yaya. Mai jifar jemage bai san yana jifar daddawar miyarsa ba.

Abin da ke faruwa ga fure yana faruwa ga mutane. Furen banila, wanda ake sa ƙanshinsa a kek da alewa, ɗan ƙasar Meziko ne. Da aka kai shi tsibirin Riyuniyon a Tekun Indiya, sai ya yi ta fure ba 'ya'ya, gama ƙwarin da ke yi masa aiki ba su bi shi can ba. A shekarar 1841 wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda za a haɗa sassan furen da ɗan tsinke da babban yatsa. Da dabararsa ake noman banila har yau a Madagaska. Shi kuwa ya rasu cikin talauci a 1880. Duniya ta ci moriyar hannunsa, ba ta taɓa auna shi daidai ba. Gaskiyar Hausawa ce, kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Sai dai akwai tarko a nan. In aka ce a bar namijin gwanda domin ashe yana da amfani a ɓoye, to, mudun bai canja ba. Har yanzu amfani ne ke yanke hukunci. Ina makomar wanda aka bincika, aka sake bincikawa, ba a ga abin da yake kawowa ba? Tsohuwar da ta makance, yaron da aka haifa da naƙasa, mara lafiyar da ya shekara biyar a kwance, su fa?

A nan ne aikin masu zane yake da abin faɗi. Mai saƙa da ke sa fure a zane, da mai yin lalle a hannun amarya, ba sa tambayar furen abin da zai biya. A ƙasan tambarin Nijeriya, ƙarƙashin dawakan nan biyu, furen daji ne aka zana, ba buhun hatsi ba. Littafin Fitowa sura 25 ya nuna cewa an umarci Musa a ƙera alkukin zinariya da siffar furen almon, 1 Sarakuna sura 6 kuma ta ba da labarin furannin da aka sassaƙa a bangon Haikali. Waɗannan furanni ba su ƙara wa fitila haske ba, ba su tokare rufi ba, duk da haka an ba su wuri a ɗaki mai tsarki. A Matiyu sura 6, da Yesu ya so ya kwantar da hankalin masu damuwa, furannin jeji ya nuna musu, ya kuwa jawo hankali ga rashin aikinsu kafin ya fifita adonsu a kan na Sulemanu. Darajarsu ta riga amfaninsu zuwa, domin daga hannun Mahalicci take.

Wannan magana tana da nauyi a cikin iyali. Akwai matar da ta shekara goma a gidan miji ba haihuwa, dangi sun fara yi mata kallon namijin gwanda. Akwai saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, ana ajiye masa tuwo da tsaki. Akwai kakan da aka mayar ɗakin baya, ba mai neman shawararsa tun da ƙarfin noma ya ƙare. Sau da yawa irin waɗannan su ne masu renon 'ya'yan wasu, masu sulhunta faɗa, masu addu'a da asuba, sai bayan sun tafi gida ya fara zubar da furensa. Amma ko da ba su yi ɗaya daga cikin waɗannan ba, wurinsu a gidan ba ladan aiki ba ne.

Ba laifi ba ne a so 'ya'yan itace. Mai shuka yana da hakkin sa rai, malalaci kuma yana bukatar tsautawa. Laifin shi ne gaggawar ɗaukar adda. Yara suna kallon yadda ake raba nama, da wanda ake gaisarwa da safe, da wanda ake katse wa magana. Mudun da suka ga iyayensu suna auna kaka da shi, shi za su ajiye, su auna iyayen da shi ranar da ƙarfinsu ya ƙare.