Fatawa Kan Zana Katunan Duba da Buga Su Don Sayarwa

Tambaya: Ni mai zane ne a Argungu, ina kai aikina maɗaba'a a Birnin Kabi. Na ga masu zane a ƙasashen waje suna buga katunan duba da kansu, suna sayarwa ta intanet. Ina so in yi irinsu da hotunan gida: giwan ruwa, kada, goran masunta, ganuwar Surame, tare da ɗan littafin da zai fassara kowane kati. Ni ban yarda suna faɗin gaibu ba, sana'a kawai nake nema. Ya halatta?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka kai aikin inji.

Abin da ka siffanta bai halatta ba, zana shi da buga shi da sayar da shi duk ɗaya.

Katunan da ake kira tarot guda 78 ne, manya 22 da ƙanana 56. A arewacin Italiya suka ɓulla a ƙarni na 15, kuma karta ce ta wasa a lokacin. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu a Faransa suka mai da su kayan duba, sannan bugun Landan na 1909 ya yaɗa su duniya. Akwai wasu kuma da ba su da adadi tsayayye, mai zane ne ke ƙaga hotunansu da ma'anoninsu, waɗannan su ne kake nufi. Aikinsu dai guda ne: mutum ya ƙudurta tambaya kan aure ko tafiya ko kasuwa, ya cakuɗa, ya zaro, ya karanta abin da ya fito, ya ɗora shawararsa a kai.

Larabawan jahiliyya haka suke yi da kibau. Ɗaya an rubuta umarni, ɗaya hani, ɗaya ba komai, mutum ya sa hannu a jaka ya zaro. Allah Ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3, Ya kuma jera kiban tare da giya da caca da gumaka a aya ta 90. A Suratun Namli, aya ta 65, Ya keɓe sanin gaibu ga Kansa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito hanin cin ladan boka daga Abu Mas'ud al-Ansari.

Kada ka ɗauka don abin ya fito daga Turai ne muka tsananta. Imamul Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kawo daga Ɗurɗushi cewa bugun ƙasa da neman fa'ali ta hanyar buɗe Mushafi duk suna ƙarƙashin hukuncin kiban nan. Idan an hana a yi da Alƙur'ani, ina ga hoton kada? Shehu Usmanu a Nurul Albab ya yi kakkausan inkari ga masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari, kuma a ƙasarmu ta Hausa ya ga abin. Ƙananan littattafan ƙuri'a da ake shimfiɗawa a bakin masallatan Juma'a, waɗanda mutum ke rufe ido ya ɗora yatsa a kan gida, hukuncinsu ke nan, ko da an cika su da sunayen Annabawa. Mun daɗe muna kawar da kai daga gare su, kuma bai kamata ba.

Ka ce kai ba ka yarda ba. Wannan ya tsare maka aƙidarka, amma bai halatta maka cinikin ba. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne abin sayarwa ya kasance yana da amfani na halal, shi ya sa aka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Inabin ma ana cinsa. Katin da kai da hannunka ka rubuta masa fassara, cewa giwan ruwa arziki ne tafe, kada kuma maƙiyi ne a ɓoye, ba shi da wani aiki sai duba. Kai ne ma ka zauna a mazaunin bokan, littafinka na magana a madadinka a ɗakunan da ba za ka taɓa shiga ba. Masu cewa don nazarin zuci ne kawai, a tambaye su: me ya sa sai an cakuɗa an zaro a makance? Wanda ya fasa tafiya saboda katin da ya fito masa ya yi duba, ko me ya kira shi.

Hoton kansa ba shi ne matsalar ba, domin malaman Malikiyya sun sassauta a zanen da ba shi da inuwa. Ƙuri'ar raba haƙƙi tsakanin mutane, irin wadda Annabi (SAW) ke yi wa matansa in zai yi tafiya, ita ma halal ce, don ba gaibu ake nema da ita ba. Mai neman zaɓin Allah kuwa, yana da istihara da shawarar masu hankali.

Zanenka kada ka zubar. Cire littafin fassarar, ka rubuta a bayan kowane kati abin da yake tabbatacce: Muhammadu Kanta da birnin Surame, sarautar Sarkin Ruwa, kogin Matan Fada, bikin kamun kifi da ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. Katunan koyar da tarihin Kabi ko haruffan ajami halal ne, kuɗinsu halal ne, matuƙar ba ka tallata su da sunan duba ba. Makarantu da baƙin da ke zuwa gidan tarihi na Kanta kasuwa ce.

In ka riga ka karɓi kafin alƙalami daga wani, ka mayar masa. Mai maɗaba'ar da ya san abin da katunan suke, shi ma ladan bugunsu bai halatta gare shi ba.

Wallahu a'alam.