Wa Muke Shimfiɗa wa Tabarma?



Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga Misa, waɗansu samari suka zo wurina da shawara. Suna so su riƙa taruwa sau ɗaya a wata, a daren Asabar, a ƙofar gidan ɗayansu. Za su rataya farin zane a jikin bango, su ta da janareto, su kalli fim tare da abokansu, a ɗan ci gyaɗa, a sha zoɓo. Wani dattijo da yake tsaye kusa da mu ya girgiza kai, ya ce, “Fada, wannan ɓata lokaci ne. Gara su taru su yi addu'a.” Samarin suka yi shiru suna dubana. Tun daga ran nan nake juya maganar a zuciyata, ga kuwa abin da na gani.

Da fari dai, hutu da raha ba zunubi ba ne. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya koyar cewa kamar yadda jiki yake gajiya ya nemi kwanciya, haka rai ma yake gajiya ya nemi wasa. Ya kawo wani tsohon labari a kan Manzo Yohanna. Wai waɗansu mutane suka tarar da shi yana wasa da almajiransa, abin ya ɓata musu rai. Sai Manzon ya sa mai baka ya yi ta harba kibau, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da haka ba fasawa. Mutumin ya ce a'a, bakan zai karye. To, haka zuciyar ɗan Adam take. Toma ya ƙara da cewa mutumin da ba ya raha ko kaɗan, yana kuma hana waɗansu, shi ma yana da aibi. Kada mu manta, a wurin biki ne, a Kana ta Galili, Ubangijinmu ya yi alamarsa ta farko.

Dattawanmu ma shaida ne. Suna tunawa da zamanin majigi, lokacin da mota takan shigo gari da yamma, a kafa allo a fili, kowa da kowa ya fito. Yau kuwa kallo ya koma cikin tafin hannu. A ɗaki guda za ka ga uba da uwa da 'ya'ya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, babu mai ce wa wani uffan. Saboda haka samarin da suke so su fid da kallo waje, su yi dariya tare, suna neman abin kirki ne. Zumunci a ƙafa yake.

Amma maganar dattijon nan ba ta faɗi ƙasa banza ba, gama ba kowane taro ne yake gina mutum ba. Abin da ido ya gani yakan sauka ya zauna a zuciya. Tun a 1936 Paparoma Pius na 11 ya rubuta wasiƙa a kan silima, yana gargaɗi game da ikonta a kan tarbiyya. A 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta ɗora wa iyaye nauyin lura da abin da yake shiga gidajensu ta wannan hanya. Ikilisiya ba ta ƙi fim ba. A 1995, da silima ta cika shekara 100, Batikan ta fitar da sunayen finafinai 45 da ta ga sun cancanci yabo. Abin da ake bukata shi ne zaɓi. Wanda ya ɗauki nauyin kawo fim, bari ya fara kallonsa shi kaɗai, ya tambayi kansa ko zai iya zama ya kalle shi tsakanin mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba tare da jin kunya ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa za a gayyata? Samarin sun ce “abokanmu”. A nan ne Bishara take taɓa mu a inda yake da ciwo. A Luka sura 14, Yesu ya gargaɗi mai masaukinsa kada ya tsaya ga kiran waɗanda za su iya rama masa gayya, sai dai ya tuna da matalauta, da guragu, da makafi. Manzo Bulus kuma ya tsauta wa Korintiyawa domin a taronsu waɗansu sukan ƙoshi, waɗansu su zauna da yunwa. In an sa kuɗin karo-karo na mai da abin taɓawa, wanda ba shi da shi fa? In an rufe ƙofa, yaran unguwa suna leƙe ta kan katanga, wane darasi muka koya musu? Taron da ya ƙara wa mai kaɗaici kaɗaici bai cika sunansa na zumunci ba.

Akwai kuma maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa suka rabu, Kirista nan, Musulmi can. Yara sun tashi ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wancan gefe ba, wanda ba ka sani ba kuwa yana da sauƙin tsoro da sauƙin ƙi. Ba na cewa fim zai warkar da wannan rauni. Amma inda har yanzu muke zaune katanga da katanga, mu aika a kira shi, mu tanadi abin da zai iya ci da sha, mu kuma dakata sai ya idar da sallarsa kafin a fara. Mutanen da suka yi dariya a kan tabarma ɗaya, da wuya su gaskata kowace jita-jita a kan juna.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma a cikinsu ake gane ƙauna. A sanar da mai unguwa da iyaye. A rage ƙara saboda marar lafiya da mai jego. Kada a bar wa mata aikin girki da wanke-wanke su kaɗai, maza suna zaune. A raka 'yan mata har ƙofar gida. A tashi da wuri, domin kallon Asabar kada ya cinye Misar Lahadi.

Ga amsata gare ku, 'ya'yana: ku yi taronku da farin ciki. Amma kafin ku rataya zanen, ku zauna ku ƙidaya waɗanda ba a taɓa gayyata ko'ina ba a unguwarku, ku fara shimfiɗa musu tabarma. Ku kuma je ku gai da Baba, ku roƙe shi ya zo ya buɗe muku da addu'a.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.